Allon jikoki: Yadda na zaɓa wa Mma firam ɗin hoto mai lantarki

Bara, kwana uku bayan Babbar Sallah, muna zaune tsakar gida a Salaga sai Mma ta aiki wani jikanta ya jawo mata tsohuwar adakarta ta katako daga ƙarƙashin gado. So take ta nuna wa matata hoton da marigayi Baba ya ɗauka ranar da ya dawo daga Makka. Da aka buɗe, sai muka tarar gara ta riga mu. Abin da gara ta bari kuma damshin damina ya manne shi wuri guda, in ka ja hoto ɗaya sai ya taho da fuskar na ƙarƙashinsa. Hoton Baba saura rawani da rabin gemu.

Mma ta daɗe tana dubansa. Can ta ce, “Allah Ya jiƙan mai hoton. Shi ma hoton ya bi shi.” Ta mayar, ta rufe adaka.

Ranar ban yi barcin kirki ba. Tsofaffin hotuna sun tafi, sababbin kuma ba sa isa gare ta. Mu biyar ta haifa da ke raye: ni ina Nima a Ankara, yayana yana Kumasi, ƙanwata tana aure a Yendi, ƙanena yana kasuwanci a Bawku, autanmu kuwa yana can Bronx a Amurka. Muna da zauren WhatsApp na gida, kullum hotunan suna da biki da saukar karatu suna zuba kamar ruwan Agusta. Amma wayar Mma ƙarama ce mai maɓalli, irin wadda samari ke yi wa laƙabi da doya. Mun taɓa saya mata babba, ta ce ita ba ta iya shafa gilashi ba, ta ba da ita kyauta. Jikoki goma sha huɗu take da su, huɗu a ciki ba ta taɓa ganin fuskarsu ba sai in ɗan maƙwabta ya leƙo ya nuna mata a wayarsa, minti biyu ya tafi.

Warwatsuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen Salaga. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Gwanja daga Kano da Katsina da Borno. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa garin, wasu suka nufi Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi. A da, wanda ya tafi sai wasiƙar ajami ko saƙon baki. Yau akwai hanyar da tsohuwa za ta ga jikanta ranar da aka raɗa masa suna ba tare da ta taɓa waya ba. Wannan hanya ita na shiga nema, kuma sai da na yi tuntuɓe kafin na gane ta.

Mene ne shi wannan firam?

Ga wanda bai taɓa gani ba, kamarsa ɗaya da firam ɗin hoton da ake ratayewa a bango, sai dai maimakon takarda akwai allo irin na waya a ciki. Ana jona shi da wuta, hotuna su riƙa sauyawa da kansu ɗaya bayan ɗaya. Tun wajen shekarar 2000 ake sayar da irinsa a ƙasashen Turai da Amurka. Na farkon sai an zuba hotuna a katin memori an soka masa. Na yanzu yawanci suna kama intanet, mutum yana Amurka zai tura hoto daga wayarsa ya bayyana a ɗakin uwarsa a Salaga.

A taƙaice iri uku ne. Akwai wanda ba ruwansa da intanet, kati ko filashi kawai yake ci. Akwai wanda rayuwarsa duka a kan intanet take, hotunan suna can ajiye a rumbun kamfanin, shi jawowa kawai yake yi. Sai na tsakiya, wanda ke karɓar hoto ta intanet ya adana a cikinsa, in intanet ya tafi ya ci gaba da nunawa. Wanda bai san wannan rabe-raben ba, kuɗinsa na cikin haɗari.

Kuskuren farko

Da na kawo shawarar a zauren gida, autanmu ya ce a bar masa. Ya saya mai tsada, kyakkyawa, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo. Na ɗauke shi na hau mota daga Ankara, muka bi ta Yeji, muka shiga jirgin fito muka tsallaka tafkin Volta zuwa Makango, ina rungume da kwalin kamar jariri.

Matsala ta fara tun daga bango. Filogin na Amurka ne mai ƙafa biyu shafaffu, soket ɗinmu kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Wannan mai sauƙi ne, na sayo mahaɗi a kasuwa, bayan na duba jikin cajar na ga an rubuta 100 zuwa 240. Wannan dubawar wajibi ce ga duk kayan wuta da aka aiko daga Amurka, domin wutarsu 120 ce, tamu 230. In cajar ta 120 ce kaɗai, jonawa ɗaya za ka ji ƙauri.

Babbar matsalar ita ce firam ɗin irin na biyu ne. Babu ramin kati, babu na filashi. Na kunna masa intanet daga wayata ya yi aiki tsaf, Mma tana ta salati. Na koma Ankara da wayata, bayan ɗan lokaci ya tsaya yana neman intanet. Wanda ya ƙera shi gidan da ke da Wi-Fi dare da rana ya yi wa lissafi. Gidan Mma kuwa babu. Aka lulluɓe shi da ɗankwali aka ɗora kan sif. Daga baya muka kai shi gidan yaya a Kumasi, inda yake aiki lafiya har yau. Kayan ba shi da laifi, mu ne muka kai shi inda ba gidansa ba.

Saboda haka tambayar farko ba “wanne ya fi kyau?” ba ce. Tambayar ita ce: gidan da za a kai shi, me ke akwai kuma me babu? Firam ɗin Aura, alal misali, sun yi suna wajen kyan allo, amma da Wi-Fi suke rayuwa kuma ba su da ramin kati. Wasu kamfanonin, irin su Skylight da Nixplay, suna da tsarin biyan kuɗi na wata ko na shekara kafin a buɗe maka wasu abubuwan. Mai karɓar albashi da sidi ya yi tunani kafin ya ɗaura wa kansa bashin dala. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi da kamfanoni daban-daban ke ƙerawa suna sa musu manhajar Frameo ta ƙasar Denmark. Waɗannan suna adana hoto a cikinsu, yawancinsu kuma suna da ramin ƙaramin kati. Irin wannan na koma nema.

Abin da na duba a shago

Karo na biyu da kaina na shiga Circle a Ankara, da katin memori a aljihu cike da hotunan gidanmu. Wannan dabarar ita ta fi yi mini amfani. Hotunan gwaji da ke zuwa a cikin firam duk furanni ne da teku da fararen fuskoki, kowane allo yana nuna su da kyau. Amma sa hoton baƙar fuska cikin farar riga da aka ɗauka a inuwar zaure, nan take allon banza zai tona kansa: riga ta yi fau, fuska ta zama dunƙulen duhu. Guda biyu na ajiye saboda wannan.

Na biyu, na tsuguna. Mai shagon har ya tambaye ni ko wani abu na yar. Mma a tabarma take zama, firam kuwa a kan tebur zai kasance, wato daga ƙasa za ta riƙa kallonsa. Tsohon nau’in allo in ka dube shi daga ƙasa ko daga gefe sai launi ya juye. A nemi wanda aka rubuta IPS a kwalinsa, kuma kada a yarda da rubutun kaɗai, a tsuguna a gani.

Na uku, girma. Mai inci 7 ko 8 ya yi wa idon tsoho kaɗan, balle Mma da aka yi wa aikin yanar ido. Mai inci 15 ya fi tsada, ya fi cin wuri. Na tsaya a kan inci 10.1, wanda shi ya fi yawa a kasuwa. A duba lambar tsabtar allo: 1280 sau 800 ta wadatar a wannan girman. In ka ga 800 sau 480 ka wuce, fuskoki za su fito da tsakuwa-tsakuwa.

Na huɗu, siffa. Yawancin hotunanmu na waya a tsaye muke ɗaukarsu, firam kuwa a kwance ake ajiye shi. In bai iya daidaitawa ba sai ya yanke kan mutum ko ya bar baƙin fili dama da hagu. A nemi wanda in an tsayar da shi hoton zai juya da kansa, wanda kuma ke ba mai turawa damar nuna inda fuska take.

Na biyar, cikinsa. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 2 zuwa 4. Firam mai gigabait 16 zai ɗauki dubbai, mai 32 ya ninka. Ba a nan ya kamata a ɓata kuɗi ba. Babu tsohuwar da ke bukatar hoto dubu goma, ɗari uku masu kyau sun fi mata.

Na ƙarshe, wuta. Kusan dukkansu ba su da batir, in an ɗauke wuta sun mutu. Abin tambaya shi ne, in an dawo da wutar zai tashi da kansa ya ci gaba, ko sai an danna wani abu? Na sa mai shago ya zare filogi ya mayar a gabana. Cin wutarsa kaɗan ne, bai kai na ƙwan fitila biyu na zamani ba, mita mai kati ba za ta ji shi ba. Na zaɓi mai caja ta bolt 5, domin da igiyar da ta dace ana iya jona shi da fawa bankin waya. Na kuma haɗa da abin kariya irin wanda ake sa wa firij da talabijin, saboda tsawar damina da wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Salaga: wa zai riƙa kula?

Na kai, na zuba hotuna ta kati, ya kama aiki ba tare da intanet ba. Sababbin hotuna kuwa ga yadda muka tsara: akwai ɗan ƙanwar Mma, ɗalibin sakandare, da ke kwana a gidan. Duk Juma’a bayan masallaci yakan kunna wa firam intanet daga wayarsa na kwata ɗin awa, abin da aka tura a mako ya sauko. Ni ke aika masa kuɗin data ta MoMo. Abu ɗaya da ya ba mu wahala: yawancin waɗannan firam layin Wi-Fi na 2.4 kaɗai suke gani, wayar yaron kuma tana kan 5. Sai da muka sauya a saitin wayar suka ga juna.

In babu irin wannan yaron a gida, gara a sayi mai kati zalla, duk mai zuwa gida ya taho da sababbin hotuna. Na’ura a gidan tsoho, in ba ta da mai kula, ɗankwali ne makomarta.

Mma ba ta taɓa kiransa firam ba. Allon jikoki take ce masa. Ta sa an rage saurin sauyawar daga daƙiƙa goma zuwa minti ɗaya. “Ban gama gaisawa da wannan ba, an kawo wani,” in ji ta.

Yendi: “Ba a ɗakina ba”

Da labari ya kai Yendi, ƙanwata ta ce surukarta ma tana so. Na sayi na biyu na kai lokacin bikin Damba, gari cike da kalangai da dawakai. Amma maigidan, surukin ƙanwata, malami ne mai almajirai, muna ce masa Kawu. Ya dubi abin ya dube ni.

“Ɗana, ka san hadisin da ya zo a kan gidan da ke da hoto?”

“Na sani, Allah gafarta Malam. Shi ya sa na fara kawo muku kafin a kunna.”

Mun yi kusan awa guda a zaure. Kawu da kansa ya warware mini saɓanin. Akwai malaman da suka tsananta, irin su Shehu Bin Baz na Saudiyya, da ke ganin hoton mai rai bai halatta ba sai da larura, kamar na fasfo. Akwai kuma irin su Shehu Yusuf Alƙardawi, wanda a littafinsa na halal da haram ya tafi a kan cewa hoton kyamara ba shi ne surar da aka hana ba, muddin abin da ke ciki ba haramun ba ne. Wasu kuma suna bambanta hoton da aka kafe a bango da wanda ke kan allo, da ke gushewa in an kashe. Ni ba malami ba ne, ban je yin gardama ba. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Hukuncin Kawu a gidansa shi ne: ba a zaure ba, ba a ɗakinsa ba, ba ta fuskar alƙibla ba. A ɗakin Hajiya, kuma a kashe in za a yi salla. Nan na gane amfanin wani abu da ban kula da shi a shago ba, wato agogon barci. Ana iya saita firam ya kashe allonsa da kansa daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Muka sa ya kwanta kafin magariba ya tashi da hantsi, azahar da la’asar kuwa maɓalli ɗaya ne.

Hajiya ta ƙara nata sharaɗin, wanda ya fi na kowa hikima. Ta ce ɗakinta ba ya rabuwa da baƙi, har da maza ’yan uwa. Kada wata ta turo hotonta ba lulluɓi, kada a turo na amarya cikin kwalliyar ɗaki. Hoton waya mai wayar ke gani, na firam kuwa duk wanda ya shigo. Wannan ya sa muka taƙaita masu turawa. Firam yana ba da wata lamba da ake bai wa wanda aka yarda ya haɗu da shi, lambar kuma takan mutu bayan wasu awoyi. Kada a jefa ta a zauren WhatsApp mai mutum tamanin. Mu mutum shida muka ba, ɗaya bayan ɗaya.

Bawku: inda hanya ta yi nauyi

Na uku ban kai da kaina ba. Kowa ya san halin da Bawku ta shiga a ’yan shekarun nan, rikicin sarauta da dokar hana fita, har tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama sai an yi shawara. Ƙanena yana can da iyalinsa da goggonmu, yayar Baba, wadda ta haura tamanin kuma ta ce ba inda za ta. Shekara uku ke nan ba ta zo Salaga ba, Mma ma ba ta je ba.

Na aika da firam ta hannun direba daga Bolga, na riga na cika shi da hotuna. A can ƙanena yana da ƙaramin akwatin intanet saboda harkar shagonsa, don haka hoto kan isa nan take. Abokan gabarsa a Bawku biyu ne: ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu, da kan kai digiri 40. Muka ce a nisanta shi da taga, a goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a sa masa ruwa, a bar bayansa yana shan iska.

Ranar da aka yi sunan ɗiyar yayana a Kumasi, wadda aka mayar wa sunan Goggo, kafin a gama rabon goro hoton jaririyar ya isa Bawku. Ƙanena ya ce Goggo ta sa an matso mata da allon, ta tofa masa addu’a, sai da ya goge gilashin. Da dare, lokacin da ba mai fita, ita da yaran sukan zauna tana faɗa musu wane ne wane: wannan kakanku ne, wannan a Kintampo ya rasu, wannan ita ta yi goyon ubanku. Yaran da aka haifa a Bawku yanzu sun san fuskokin Salaga.

Hotunan da suka tsira

Abin da gara ta rage a adakar Mma, da wanda na tattaro a gidajen dangi, na ɗauke su da waya ɗaya bayan ɗaya. A inuwa ake yi, da safe, ba tare da walƙiyar kyamara ba, wayar tana daidai saman hoton. Akwai manhajar PhotoScan ta Google da ke rage ƙyallin takarda. A wajen Goggo aka samu wani kwafin hoton Baba na dawowa daga Makka, lafiyayye.

Gargaɗi biyu a nan. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, a allo mai inci 10 yakan fito dishi-dishi, gara a tura na asali. Sannan firam ba ma’aji ba ne. Yana iya faɗuwa, wuta na iya ƙona shi. A ajiye kwafi a kati, a ajiye wani a wajen ɗan uwa a wani gari, takardun asali kuma a sa su a leda a cikin gwangwani mai murfi.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kwali ba. Cikin hotunan da na zuba wa Mma har da na yayarmu da ta rasu wajen haihuwa. Ban yi shawara da kowa ba. Yaron gidan ya kira ni ya ce duk lokacin da hoton ya zo, Mma takan tashi ta bar ɗakin. Na kira ta na ce, “Mma, a cire?” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Na Babanku ka bari. Nata ka ajiye mini a wajenka, in na shirya zan tambaya.” Har yau ba ta tambaya ba. Kafin ka sa hoton mamaci a gaban tsoho, ka tambaye shi.

Watan jiya na tura hotona a wurin aiki. Ranar Juma’a da la’asar sai ga kiran Mma.

“Na gan ka a allo. Ka rame. Matarka ba ta ba ka tuwo ne?”

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, “To, allon nan ba ya cin abinci, ba ya kuma ɗaukar mini ruwan alwala. Zumunta a ƙafa take. Yaushe za ka zo?”

Na ce mata kafin azumi, in Allah Ya yarda. Na riga na nemi hutu a wurin aiki.